Ɓawon Da Wuta Ke Sa Wa Ƙarfen Aiki: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Matazu

  

Maganar da ta tara mu yau a nan Matazu magana ce ta maƙera, amma nauyinta a wuyan manomi ya ke. Kowa ya sani a wannan yanki namu, daga nan zuwa Musawa da Malumfashi har Funtuwa, cinmu da suturarmu daga gona su ke fitowa, watau dawa da gero da masara da gyaɗa da auduga. Damina kuwa ba ta jiran kowa. Manomin da fartanyarsa ta lanƙwashe ran noman firi, ko bakin garmar shanunsa ya cinye ana tsakiyar huɗa, ya yi hasarar kwanakin da ba za su komo ba sai baɗi. Saboda haka duk abin da zai ƙara wa kayan aikin gona kwana ya cancanci shugabanni su san shi, su kuma sanad da talakawansu.

Idan maƙeri ya gama ƙirar fartanya ko gatari ya ba shi ruwa, za ku ga jikin ƙarfen ya yi baƙi ko shuɗi-shuɗi, da wani ɓawo mai ɓarewa in an buga shi. Shi ne kuma ɓarɓashin nan da ke taruwa a gindin uwar maƙera. Akwai masu ɗauka cewa wannan baƙin alama ce ta ƙarfe ya ci wuta ya yi ƙwari. To, abin da na zo in tabbatar muku shi ne, ɓawon nan ƙarfe ne wanda ya ƙone. In ya yi kauri, shaida ce ƙarfen ya daɗe a wuta ko kuwa wutar ta yi masa yawa, kuma ƙarƙashinsa akwai wata ɓarna wadda ido ba ya gani. Maganin abin kuwa yana hannun maƙeranmu, ba ya bukatar kuɗi.

Irin ƙarfen da a ke magana

A zamanin kakanninmu maƙera da kansu su ke haƙo tama su narka ta, su sami ƙarfen ƙira. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sa'an nan hanyar da ta tashi daga Zariya ta bi ta Funtuwa ta kai Ƙauran Namoda a 1929, sai ƙarfen Turawa ya yawaita, narkar tama ta yi ta ja da baya har ta mutu. Yanzu maƙeri da tsohon ƙarfe ya ke aiki: sifirin mota, da tsohon magagari, da faifan garmar tarakta, waɗanda a kan samo daga wuraren 'yan gwangwan da kasuwanni irin ta Ƙofar Ruwa a Kano.

Abin da ya bambanta ƙarfen kaifi da sauran ƙarfe wani sinadari ne da a ke kira kabon, watau ainihin abin da gawayi ya ƙunsa. Ɗan kaɗan ne ƙwarai a cikin ƙarfe, amma shi ke sa ƙarfe ya karɓi ban ruwa. Magagari yana da kabon kimanin kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ko ɗan fiye. Sifirin mota yana da abin da ya ɗan fi rabin kashi 1. Rodin gini kuwa, irin wanda masana'antar mulmula ƙarfe ta Katsina ta fara fitarwa a farkon shekarun 1980, nasa bai kai haka ba, don haka ko an tsoma shi a ruwa sau goma ba zai yi kaifin kirki ba. Ku riƙe wannan magana ta kabon, za mu komo kanta.

Yadda ɓawon ke samuwa

A cikin iskar da mu ke shaƙa akwai wani sashi da a ke kira oksijin, kimanin kashi 21 cikin 100. Shi ke raya wuta, shi ne kuma ke cin ƙarfe. In ƙarfe yana da sanyi ga danshi, cin a hankali ya ke tafiya, sai mu ce ƙarfe ya yi tsatsa. In ƙarfe ya yi ja a wuta, abin da tsatsa za ta yi cikin watanni sai ya auku cikin 'yan mintoci. Watau ɓawon wuta da tsatsa 'yan ɗaki ɗaya ne.

Masana suna auna zafi da ma'aunin da ruwa ke tafasa a digiri 100. Sun gano cewa in zafin ƙarfe ya haura digiri 570, ɓawon kan zama hawa uku. Na can waje siriri ne mai ja-ja. Na tsakiya baƙi ne mai tauri, shi ne wanda mayen ƙarfe ke jawowa, kowa na iya gwadawa da ɓarɓashin gindin maƙera. Na ciki, wanda ke manne da jikin ƙarfen, shi ya fi duka kauri nesa ba kusa ba, kuma shi ke saurin girma. Ƙasa da digiri 570 wannan na cikin ba ya samuwa, shi ya sa ƙarfen da bai yi ja ba ba ya yin ɓawo mai kauri.

Abu uku ke ƙara kaurin ɓawo: yawan zafi, da daɗewa a wuta, da yawan iskar zuga-zugi. Kafin ɓawo ya ninka kaurinsa saboda daɗewa kaɗai, sai lokacin ya ninka sau huɗu. Amma ƙarin zafi na digiri 100 kurum kan yi kusan wannan ɓarnar ba tare da an ƙara ko minti ɗaya ba. Kun ga ke nan zafin da ya wuce kima shi ne babban abokin gaba.

Ɓarnar da ɓawon ke yi

Ta farko, hasarar ƙarfe. Duk ɓarɓashin da ya zuba ƙasa ƙarfe ne da maƙeri ya saya da kuɗinsa. Ko a manyan masana'antu, inda a ke auna kome, kimanin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na ƙarfen da a ka mulmula kan tafi a ɓawo. Maƙerin da ke mai da fartanya ɗaya wuta sau da yawa, kowace komawa da tata hasarar.

Ta biyu, in ba a kakkaɓe ɓawon ba a ka ci gaba da duka, masaɓa kan danna shi cikin jikin ƙarfen. Daga baya in ya ɓare sai ya bar ramuka kamar zanzana. Daga irin ramukan nan tsagewa kan faro.

Ta uku, ɓawo bargo ne. Amfanin ban ruwa shi ne ƙarfe ya huce farat ɗaya. Wurin da ɓawo mai kauri ya rufe ba ya hucewa da saurin da a ke bukata, sai ya fito da taushi, gefensa kuwa da tauri. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa ku ga bakin fartanya ya ci a karkace, nan ya lotsa, can yana nan daram.

Ta huɗu ita ce mafi muni. Oksijin ɗin da ya ƙona fatar ƙarfen ba nan ya ke tsayawa ba. Ya kan haɗu da kabon ɗin da ke ƙarƙashin ɓawon, su zama iska su fice. Sai a bar wata fata siririya wadda ba ta da kabon, ta koma kamar rodi. Ko da ya ke kaurinta sau da yawa bai fi na takarda ɗaya ko biyu ba, a bakin lauje ko adda wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin baki siriri ne, wuta kuwa ta ci shi gaba da baya. Manomi ya wasa, ya yi aikin awa guda, kaifi ya tafi, ya koma yana zargin ƙarfe ko maƙeri, alhali kuwa ƙarfen kirki yana nan ciki an binne shi.

Ban da waɗannan, zafin da ya kawo ɓawo mai kauri ya kan sa ƙwayoyin cikin ƙarfe su girma. In irin wannan ya karye za ku ga cikinsa gurza-gurza kamar tsaki. Wanda a ka yi wa wuta daidai kuwa cikinsa laushi ne kamar gari, launin toka. Mai gurza-gurzan shi ne gatarin da ke ɓallewa a gindin itace.

Maganin abin a maƙera

Rigakafi ya fi magani. Ga abubuwan da mu ke so maƙera su lura da su, kuma da yawa daga tsofaffinsu sun riga sun san su da hannu ko da ba su san dalilin ba.

Na ɗaya, a tara gawayi da zurfi. Wutar maƙera ba ɗaya ba ce daga ƙasa zuwa sama. Kusa da bakin da iskar zuga-zugi ke fitowa, oksijin yana nan da yawa bai ƙone ba, nan ne ƙarfe ke ƙonewa. In iskar ta ratsa gawayi mai kauri sai gawayin ya cinye oksijin ɗin kafin ya isa ga ƙarfe. Saboda haka a sa ƙarfe a tsakiyar tulin, gawayi a ƙarƙashinsa, gawayi a samansa. Mai rowar gawayi ya kan biya da ƙarfe.

Na biyu, a yi zuga a hankali. Yaron da ke zuga ya kan so ya ga wuta na tartsatsi. In ƙarfe da kansa ya fara fid da farin tartsatsi, to ya riga ya ƙone, wurin nan ba ya gyaruwa sai a yanke shi. Maƙeran da suka koma amfani da fanka mai juyawa sun fi bukatar wannan gargaɗi, don iskarta ba ta yankewa.

Na uku, kada a bar ƙarfe a wuta a tafi hira ko ciniki. Da ya kai zafin da a ke so a cire shi. Da zafi-zafi a kan daki ƙarfe.

Na huɗu, a kakkaɓe ɓawo da burushin waya duk sa'ad da ƙarfe ya fito daga wuta, a kuma share kan uwar maƙera. A dukan ƙarshe, in an jiƙa masaɓa da kan maƙera da ruwa, tururi kan ɓalle ɓawon da ya saura, fuskar ƙarfe ta fito sumul.

Na biyar, kada a fiƙe baki sarai kafin ban ruwa. A bar masa kaurin milimita 1, watau kamar rabin kaurin tsinken ashana. Bayan an gama da wuta sai a wasa, fatar nan mai taushi ta tafi, a isa ga ƙarfe mai kabon.

Na shida, ga ƙananan kaya masu daraja kamar aska da kurfi da wuƙa, a na iya sa su cikin guntun bututun ƙarfe mai toshe a gefe ɗaya, tare da ɗan gawayi, a tura bututun cikin wuta. Gawayin ciki zai cinye iskar. Amma kada a yi da farin bututun famfo mai rufin tutiya, hayaƙinsa na sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Wata dabara kuma ita ce a dama yumɓu da garin gawayi ruwa-ruwa, a shafa siriri, a bari ya bushe. Siriri na ce, domin yumɓu mai kauri yana hana ƙarfe hucewa da sauri. Maƙeran takubba na ƙasar Japan da gangan su ke lafta shi a bayan takobi don bayan ya zauna da taushi, baki kaɗai ya yi tauri.

Ban ruwa da sassautawa

Zafin ban ruwa bai kai zafin ƙira ba. A kan yi ƙira a wajen digiri 900 zuwa 1,100, ban ruwa kuwa ga irin ƙarafan da maƙeranmu ke riƙewa a wajen digiri 780 zuwa 850 ne. Ido kan yi kuskure, musamman da rana tsaka, shi ya sa rumfar maƙera mai duhu-duhu ta fi. Amma akwai awo mai sauƙi. A wajen digiri 770 ƙarfe kan daina kama mayen ƙarfe. Maƙeri ya ɗaura mayen ƙarfe na tsohuwar lasifika a bakin sanda, ya riƙa taɓawa. Da ya ji ya daina kamawa, ya ƙara wuta ɗan kaɗan har jan ya daidaita ko'ina a baki, ya goge da burushi sau ɗaya, ya tsoma nan take. Sifirin mota cikin mai a kan tsoma shi, kamar man gyaɗa, don ruwa kan tsaga shi. A ajiye murfin ƙarfe kusa, in man ya kama a rufe. Kada a zuba wa wutar mai ruwa.

Ƙarfen da ya fito daga ban ruwa yana da tauri kamar kwalba, yana kuma karyewa kamar kwalba. Dole a sassauta shi da ɗan zafi, kuma a yi haka nan da nan, kada ya kwana. A nan ne cire ɓawo ya zama tilas. A goge wajen baki da dutsen washi har ƙarfe ya yi fari. Sa'an nan a ɗumama shi a hankali daga baya. Za a ga launuka na tafiya zuwa baki. Launin busasshiyar ciyawa kan fito a wajen digiri 220 zuwa 230, shi ya dace da aska. Ruwan ƙasa a wajen 250, shunayya a wajen 280, tsakaninsu ne mazaunin gatari da kurfi. Shuɗi a wajen 300, shi ne na adda da duk abin da a ke so ya lanƙwasa ya komo. Da launin da a ke so ya iso baki sai a tsoma a ruwa. Launukan nan su ma ɓawo ne, sai dai sirantarsa ta kai haske na ratsa shi. Maƙerin da bai goge baƙin ba, da ka ya ke sassautawa, kamar mai awon hatsi cikin duhu.

Cire ɓawon da ya saura

Ɓawo yana da tauri ƙwarai, don haka wanda ya sa sabon magagari a kansa ya kashe magagarinsa. A fara da dutse ko rairayi. Mai injin washi ya riƙa tsoma ƙarfen a ruwa, domin in baki ya yi shuɗi a kan dutse, taurinsa ya tafi.

Ruwan tsami ma yana ɓare ɓawo. In an jiƙa ƙarfe ya kwana cikin ruwan khal sai a goge da burushi, ruwan tsamiya ko na lemun tsami kuwa ya kan yi amma a hankali. Bayan haka a ɗauraye da ruwan kanwa don a kashe tsamin, a shanya, a shafa mai. Ku hana amfani da ruwan batir. Yana makantarwa, yana cin fata, kuma yana sa ƙarfen da a ka ba ruwa ya tsage daga baya ba tare da an buga shi ba.

Kada kuma manomi ya ce ɓawon da ya saura zai tsare masa fartanya daga tsatsa. In ɓawo ya ɓare a wani wuri ya saura a wani, danshi ya shiga, wurin da ya buɗe ya fi saurin ci, har ya yi rami. Bayan kaka a kankare kayan aiki, a shafa mai, a rataye su a inuwa.

Yadda a ke yi a manyan masana'antu

Wannan damuwa ba ta maƙeranmu kaɗai ba ce. A Ingila, a 1868, wani mai suna Robert Mushet ya fito da ƙarfen aiki wanda ke yin tauri da hucewa a iska. A Amurka kuma Frederick Taylor da Maunsel White suka gano cewa irin wannan ƙarfe in an kai shi zafi mai tsanani ya kan yanka wani ƙarfe ko da bakinsa ya yi ja, suka nuna wa duniya a bajekolin Faris na 1900. Jikokin wannan ƙarfe su ne haƙoran injin huda da na injin sassaƙar ƙarfe da a ke aiki da su a Panteka ta Kaduna. Ban ruwansu na bukatar zafin da ya kai digiri 1,200, inda ɓawo ke girma cikin ƙiftawar ido. Don haka masana'antu suka ƙera tanda wadda a ke zuƙe iskar cikinta sarai, ko a cika ta da iskar da ba ta ƙona ƙarfe, wasu kuma su tsoma kayan cikin narkakken gishiri. Dukansu manufa ɗaya ce da ta maƙerin da ya tara gawayi da zurfi, watau a raba jan ƙarfe da oksijin.

Abin da a ke roƙon hakimai da malamai

Ranku ya daɗe, ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin wannan magana shi ne rani da bazara, sa'ad da maƙera ke tara kaya kafin ruwa ya sauka. Muna roƙon kowane hakimi ya kira Sarkin Maƙera da manyan maƙeran ƙasarsa, a karanta musu wannan takarda cikin girmamawa, a kuma saurari abin da za su ce, domin sana'arsu ce ta gado, sun fi mu sanin hannunta.

Gani ya kori ji. A sa maƙeri ɗaya ya yanko guntaye biyu daga sifiri guda. Ɗaya a zuga masa wuta har ya yi fari-fari, a bar shi ya daɗe. Ɗayan a bi da shi ta awon mayen ƙarfe. A ba su ruwa, a karya su a gaban jama'a, kowa ya dubi kaurin ɓawon da irin ƙwayar ciki. A yi haka da hattara, a rufe da tsumma kafin a buga, don ɓalli na tashi.

Ku malamai, ku rubuta sunayen garuruwan da ke da maƙera a gundumarku, da irin kayan da su ke ƙerawa, musamman masu gyaran bakin garmar shanu irin ta Emcot, wadda manoman auduga suka daɗe da saninta. Ku koya wa dagatai da masu unguwanni gwajin da kowane mai saye zai iya yi: a goge baƙin a wajen baki, a ja tsohon magagari a kai. In ya ci ƙarfen da sauƙi kamar itace, ko fata mai taushi ce ba a wasa ta ba, ko ƙarfen bai karɓi ruwa ba. In ya zame yana ɗan kamawa da ƙyar, an yi aiki.

Ku kuma ja kunnen maƙera game da idanun yaran da ke zuga, domin ɓarɓashi mai zafi yana tsalle, tabarau mai kare ido kuwa ba shi da tsada. Daga ƙarshe, ku tuna musu cewa rage komawa wuta rage cin gawayi ne. Itacen ƙirya da maƙera suka fi so ba ya girma da sauri, kuma ya yi ƙaranci a dazuzzukanmu.

Maƙerin da ya kiyaye waɗannan ya rage hasarar ƙarfe da gawayi, kayansa su yi suna a kasuwa. Manomi kuma ya yi firi da maimai da huɗa ba tare da ya bar gona ya tafi gyara ba. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa hakimai lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Amin.